Firigon Yaya na daskarewa, wayarta tana nuna tsanwa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku jama'a masu karatu. Ina gaishe ku da aiki. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna, domin zagin da zai yi mini na riga na yi wa kaina ninkinsa. Ba na neman a ce mini "ba komai". Akwai komai. Shawara nake so, kuma kwana biyar suka rage mini.

Ni ɗan Dogon Dutsi ne. Sana'ata rubuta manhaja, irin wadda ake sa wa a waya ta yi wani aiki. Na yi karatu a Yamai, na dawo gida na shiga wani ƙaramin biro, wato ofis, na mutum huɗu. Mai biron, wanda zan kira Shef kamar yadda muke kiransa, mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, kuma yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa: ba ka rubuta layi ɗaya na aiki sai ka fara rubuta gwajinsa. Gwaji ɗan guntun rubutu ne da ke yi wa manhaja tambaya, in na ba ki kaza, wace amsa ya kamata ki ba ni? Sai ka kunna shi ya faɗi, tun da ba a gina komai ba. Sannan ka rubuta ɗan abin da zai sa ya wuce. Sannan ka gyara zaman abin da ka rubuta, ka koma tambaya ta gaba. Haka, ɗaya bayan ɗaya, har aiki ya ƙare. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hannu da girman kai, a lakkwal, wato makaranta, ni ne mai gama aiki kafin kowa, don haka abin ya riƙa ci mini rai. Wata rana na ce masa, "Shef, yanzu don Allah mutum ya tsaya ɗanɗana miya tun ba a ɗora tukunya ba?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai kana zaton don kamun kuskure kaɗai muke yi. A'a. Duk abin da ka kasa ware shi ka yi masa tambaya shi kaɗai, to ba ka gina shi daidai ba. Gwajin ne zai tilasta maka ka raba komai da ɗakinsa." Na ce to. A zuciyata na ce surutun tsofaffi.

Bara wani furoje, wato shirin tallafi na wata ƙungiya, ya ba mu aiki a kan firigon allurar rigakafi na gidajen likita na ƙauyuka. Ga wanda bai sani ba, maganin rigakafin yara yana son sanyi tsaka-tsaki, daga digiri biyu zuwa takwas. An sa wata 'yar na'ura a cikin kowane firigo tana aiko da ma'aunin sanyinsa kowace awa. Namu aikin shi ne manhajar da za ta karɓi lambobin nan ta nuna wa ma'aikaciyar lafiya launi a wayarta: tsanwa, magani lafiya lau, ja, kada ki yi wa kowa allura da shi sai an duba. Shef ya zagaya ƙauyuka ya zauna da ma'aikatan, ya dawo da takarda guda cike da tambayoyin da manhajar za ta amsa. Ya ce kowace tambaya gwaji ce, a bi su a jere. Kwana biyu da haka mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a Dosso, ya tafi jinya ya bar mini aikin, sati uku.

Me kuke zaton na yi? Na tura takardar ƙarƙashin kwamfuta na zuba aiki kamar ruwa. Kwana tara na gama. Na haɗa komai wuri ɗaya, karɓar saƙo, lissafi, yanke hukunci, launin da za a nuna, duk a dogon rubutu guda. Har da wata dabara da na ji daɗin kaina a kanta: tun da in an buɗe firigo zafi yakan ɗan hau na 'yan mintoci, kada waya ta riƙa tayar wa mutane da hankali a banza, sai na sa manhajar ta tattara lambobin yini ta fitar da matsakaici, da shi za ta yanke hukunci. Zafi kaɗai ne a kaina. Mu nan Arewa wa ke tsoron sanyi? Tun muna yara zafi ne ke tsinka nono, shi ke ɓata nama, shi ke kashe magani a kanti. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa sanyi ma yana kashe abu ba.

Saura kwana biyu Shef ya dawo na jawo takardar, na fara rubuta gwaje-gwajen a baya, don ya samu abin gani. Nan na fara shan wuya. Ba yadda za ka yi wa ɓangare ɗaya tambaya sai ka tayar da manhajar gaba ɗaya. Da ƙyar da jiɓin goshi na bi su suna wucewa, har na zo kan ta ƙarshe, wadda Shef ya ja wa layi biyu a ƙasa: in firigo ya sauka ƙasa da sifiri, ko na awa ɗaya ne, a nuna ja. A gefe ya rubuta dalili, cewa wasu alluran, irin ta biyar-a-haɗe da ake yi wa jarirai da ta mata masu ciki, in suka daskare sun mutu, ko sun narke ba sa dawowa, kuma a ido ba ka ganewa. Na rubuta gwajin, na kunna, ya faɗi. Na sake, ya faɗi. Dalilin a fili yake: in da asuba firigo ya sauka ƙasa da sifiri, da rana ya hau bakwai, matsakaicin yini yana nan a tsakiya yana murmushi. Dabarata ce ta haɗiye daskarewar. Na ce bari in gyara. Tirƙashi! Duk abin da ke cikin manhajar a kan matsakaicin nan yake rataye. Na taɓa nan, wurare uku suka rushe. Kamar an dama fura da nono aka ce in ware su. Yini guda na yi, na gane sai dai a rushe a sake gini daga tushe, kuma in faɗa wa Shef cewa dokarsa ɗaya tilo na taka ta tun ranar da ya hau mota.

Ga abin da na yi, kuma wannan ne karo na farko da na faɗa wa wani mahaluƙi. Na rubuta wani ɗan guntun abu a gefe, layi shida, mai kyau, mai tsabta, wanda in ka ba shi lamba ƙasa da sifiri yake cewa ja. Na juya gwajin ya riƙa tambayar wannan guntun. Manhajar gaskiya, wadda za ta shiga wayoyin mutane, ba ta san da zamansa ba, ba ta taɓa kiransa ko sau ɗaya. Na kunna, gwaji ya wuce. Na ce wa kaina ai firigon ƙauye mai aiki da hasken rana da ƙyar yake riƙe sanyi, ina shi ina daskarewa? Na ce bayan an miƙa aiki zan gyara a hankali. Shef ya dawo a rame, ya zauna ya kunna gwaje-gwaje, duk suka wuce a jere. Ya dube ni ya ce, "Ka bi hanya?" Na ce, "Na bi, Shef." Ya ce, "Gwaji kafin aiki?" Na ce, "Kafin aiki." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Wala, haka nake so. Allah shi yi maka albarka." Da ba a jigace yake ba da ya karanta rubutun layi-layi yadda ya saba, da ya kama ni a minti goma. Ya yarda da ni, ya sa hannu a takardar miƙa aiki da sunansa.

Yanzu ku ji inda abin ya shigo gida. Ɗaya daga cikin gidajen likitar da aka sa wa manhajar yana wani ƙauye a wajen Dumega, kuma majo ɗin wurin, wato shugabar ma'aikatan, yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye ni bayan rasuwar Innarmu, har yau Auta take ce mini. Yaya mace ce mai tsanani a aiki. Da can safe da yamma take duba ma'auni ta rubuta a takarda, in ta yi shakkar wata kwalba sai ta girgiza ta ta ɗaga a haske ta ga yadda maganin ke kwanciya, da haka suke gane wanda ya taɓa daskarewa. Da manhaja ta zo, furoje ya ce takarda ta huta, ita ma ta ajiye girgizar. Ba don ta yarda da furoje ba. Don ni na yi. Akwai wani dattijo a wata tunga kusa da su, zan kira shi Baba Nomau, shekara da shekaru ya hana a yi wa 'ya'yansa allura, yana cewa abin da ake kawo wa talakan ƙauye ragowar birni ne da ya lalace a hanya. Yaya ta ba ni labari tana dariya, ta ce ta hau amalanke har ƙofar gidansa ta nuna masa wayar. "Na ce mai, Baba, dubi wanga tsanwa. Ƙanena na cikin Innata shi ya yi shi, in magani ya ɓaci shina hwaɗa mini tun ban buɗe firigo ba." Ya juya wayar a hannu, ya juya, washegari ya aiko matarsa da jaririyarsu. Ranar da ta ba ni labarin nan na yi dariya tare da ita. Wallahi na yi dariya.

Gyaran da na ce zan yi ban yi ba. Aiki ya bi aiki, kuma duk ranar da na buɗe dogon rubutun nan sai in ji kasala in rufe. Sati uku da suka wuce Yaya ta kira ta ce saƙo yana jinkirin shigowa, in duba mata. Da tsakar rana ce, ina biro, na buɗe lambobin firigonta na awa-awa, waɗanda ba wanda ke kallo tun da launi ya isar. Na ga alamar ragi a gaban wata lamba. Na ce kuskuren na'ura ne. Na ja sama. Jiya da asuba, biyu ƙasa da sifiri. Shekaranjiya, ɗaya. Na ci gaba da ja har na kai farkon shigowar sanyi, kusan wata biyu. Ashe lokacin bazara mai gyara ya murɗa firigon zuwa ƙarshen ƙarfinsa don ya jure zafi, ba wanda ya mayar da shi. Kusan kowace asuba yana daskarewa, kafin Yaya ta buɗe ƙofa da safe ya narke ya koma daidai. A gefen kowace rana, launin da manhajata ta nuna mata: tsanwa, tsanwa, tsanwa. Abokin aikina ya dube ni ya ce mini ko zazzaɓi ne, na ce e.

Kada ku ce ban motsa ba, na motsa, amma motsin matsoraci. Na kira ta na ce, "Yaya, tun da sanyi ya shigo, da kin rage ƙarfin firigon kaɗan." Ta ce, "Mai gyara ya ce kar a taɓa mai. Kuma ga waya tsanwa shar." Na ce, "To ki riƙa ɗan girgiza kwalaben nan, kamar da." Ta tuntsire da dariya. "Auta, mi as same ka? Ba ka yarda da aikinka ba ne?" Nan ne wurin. Ƙofa ce ta buɗe mini da hannunta. Da na ce e, da yanzu ba na rubuta muku wannan. Na ce, "Haba Yaya, wasa nikai." Na kashe waya na zauna ina kallon bango.

Ranar Laraba da ta wuce ita ta kira. Muryarta ba irin ta kullum ba. Ta ce an kawo mata ɗiyar Baba Nomau da wani tari mai sarƙe numfashi, yarinya ta yi ta yi har fuskarta ta canza, dole ta tura su babban gidan likita nan Dutsi. "Abin da ban gane ba, Auta, katinta cike yake. Allura ukku, ni na yi mata da hannuna, ko ɗaya ba ta tsallake ba." Na tambaye ta watannin da aka yi su. Ta karanto mini. Biyu daga cikin ukun sun faɗo a cikin kwanakin nan. Ban sani ba, jama'a, Allah shi ne shaidata ban sani ba ko firigon ne. Likitoci ba su ce komai ba tukuna, kuma na san ko allura mai rai ba ta tsare kowa da kowa. Amma ni kaɗai a duniyar nan na san akwai tambayar da ya kamata a yi. Na je gidan likitar na tsaya daga bakin ƙofa. Na hango dattijon zaune a kan tabarma ƙarƙashin itacen bedi, takalmansa a gefe, katin yarinyar a hannunsa a cikin leda. Bai san ni ba. Na wuce ta gabansa kamar mai neman wani ɗaki, na fita ta ɗaya ƙofar.

Na auna kowace hanya har kaina ya yi zafi. In gyara a ɓoye? Ginin da na yi ba ya gyaruwa a kwana biyar, sai an rushe shi, kuma ba gwajin gaskiya da zai faɗa mini ko na fasa wani abu a hanya. Ko na gyara, kwalaben da ke cikin firigon yanzu sun riga sun mutu, yaran da aka yi wa allura a wata biyun nan kuma iyayensu suna barci da daɗi, suna zaton an rufe musu ƙofa. In faɗa wa Shef? Sunansa ne a takarda, mutumin da bai taɓa tsallake gwaji ɗaya ba a rayuwarsa. Jiya ma ya ce mini furoje yana so a kai manhajar ƙauyukan Dogon Kiriya. "Bon, ba wani tsoro," in ji shi, "muna da gwaje-gwajenmu, su ke tsaron mu." Na ce haka ne, Shef. In faɗa wa Yaya? Ita za ta hau amalanke tunga-tunga tana cewa uwaye su dawo da yara a sake. Mutanen ƙauye ba za su ce manhaja ta yi ƙarya ba, ba su san wata manhaja ba. Za su ce majo ta yi wa ɗiyanmu allurar ruwa. Za su ce Nomau ya yi gaskiya tun farko. Amanar da ta yi shekaru tana ginawa gida-gida, ni zan rushe ta da waya ɗaya, kuma wasu in sun tafi ba za su sake kawo yaro ba har abada. Wannan tunanin nake fakewa da shi, na sani. Tsoron idon Yaya ne ya fi komai.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa na ce kwana biyar. Matata ta haihu, haihuwar fari, mace. Nan Dutsi aka haife ta, bayan suna aka kai su wankan jego gidan iyayen matata kamar yadda aka saba, kuma su a ƙauyen da Yaya ke aiki suke, can na gan ta tun farko. Sun yi arba'in shekaranjiya. Jaririya in ta cika sati shida ake fara mata allurar biyar-a-haɗe, ranar allura a wurin Yaya kuwa Laraba ce. Tun ranar suna Yaya take cewa ita za ta yi wa ɗiyar tawa da hannunta, ba wani.

Kun san abin da na yi? Ban kira Shef ba, ban kira Yaya ba. Na je tasha na yi magana da direba ya ɗauko mini matata da jaririya ranar Talata, a yi mata allura a nan gari. Na ce wa surukaina kewa ce ta dame ni. Matata ta yi murna, ta fara haɗa kaya. Yau da hantsi Yaya ta kira, ba dariya ko kaɗan a bakinta.

"Auta, an ce ka aiko mota Talata."

"E, Yaya."

"Kwana ɗaya kahin allura."

Kafin in nemo ƙaryar da zan yi, ta ci gaba.

"Mata goma sha wani abu za su zo mini Laraba da goyonsu. Taka kaɗai za a ɗauke a kai Dutsi. Hwaɗa mini, mi firigona ya yi?"

Na ce layi ba shi da kyau, ba na jin ta, zan kira. Na kashe. Ta sake kira sau uku, wayar tana nan a gabana a kife, yanzu haka da nake rubutun nan ta sake yin ƙara. Na san yadda zan fitar da tawa ɗiyar, mota na nan, direba ya amsa. Waɗancan matan ba su da miji a biro da zai aiko musu mota. Za su zauna a kan benci da katunansu, Yaya ta duba wayarta ta ga tsanwa, ta buɗe firigo.

Jama'a, don Allah, wa zan fara kira, kuma da wane baki? Me zan yi?